Ƙanena, a otel ɗin Dubai sunkuyar da kai ba ladabi ba ne

Assalamu alaikum ƙanena. Na saurari saƙon muryarka har sau biyu a cikin motar da ke kwaso mu daga aiki. Ka ce ka gama karatu a Tawa, ka yi wata shida kana koyon aiki a wani otel a Yamai, yanzu wani ya ce zai samo maka aiki a Dubai in ka ba shi kuɗi. Ka tambayi albashi, ka tambayi ko aikin yana taɓa addini, can a ƙarshe kuma ka ce: "Yaya, zan iya zama da mutanen can kuwa?" Ta ƙarshen nan da ka faɗa kamar wasa ita ce babbar, da ita zan fara.

Mu 'yan Adar biɗa, wato fita neman kuɗi a wata ƙasa, ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Iyayenmu sun je Abijan, sun je Legas, sun je Libiya. Amma duk inda suka sauka akwai zango, akwai mai masauki, akwai wanda zai ce "ɗan wane ne" a ba shi tabarma. Otel ba haka yake ba. A ƙasar nan, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa inda Dubai take, kusan mutum tara cikin goma baƙi ne, kuma otel shi ne inda ake zuba su a tukunya guda. A inda nake, masu tarbar baƙi yawancinsu 'yan Filifin ne da Misirawa, madafa ta cika da Indiyawa da 'yan Siri Lanka, gyaran ɗakuna 'yan Nefal da 'yan Yuganda, masu gadi 'yan Kenya, manyan kuma Turawa da Labanawa. Ɗakin kwananmu mu huɗu ne, addini uku. Shekarata ta farko ban yi Hausa da kowa ba sai ranar hutu in na shiga unguwar Deira a Dubai wurin 'yan kasuwarmu.

Abin da ya kusa cin aikina tarbiyyar gida ce. A sati na uku shugabar sashenmu, wata Baturiya, ta kira ni ofis saboda wani baƙo ya yi ƙorafin an kai masa abinci a makare. Laifin ba nawa ba ne, daga madafa aka yi jinkirin. Na tsaya gabanta, hannu a baya, kai a ƙasa, ina kallon takalmina, yadda Baba ya koya mana tsayuwa gaban babba. Tana magana ina "to, to". Ashe duk wannan ladabin ita karanta shi take a matsayin amsa laifi, ko ma ɓoye wani abu. Ta rubuta a takardata cewa ba na kallon mutane kuma ba na iya kare aikina. Lokacin ina cikin watannin gwaji, wanda doka ta yarda ya kai wata shida, kuma a cikinsu sallama ba ta da wuya. Wani dattijo ɗan Sudan mai buɗe wa baƙi ƙofa shi ya ja ni gefe ya ce mini: ɗana, a nan in ba ka kalli idon mutum ba, ba ka yi magana ba. Washegari na koma, zuciyata na dukan uku-uku, na dube ta na faɗi yadda abin ya faru, na kuma gaya mata a garinmu yaro ba ya ɗaga ido gaban babba. Ta yi shiru, ta ce me ya hana ni faɗa tun jiya. Har yau in na dubi manaja ido cikin ido sai in ji kamar na yi rashin kunya, amma ina yi.

Na biyun ya fi ban kunya. Ka san wasan taubasai, ka san yadda Bazabarme da Buzu ko Bafillace da Babarbare za su haɗu a tasha wannan ya ce wa wancan "bawana" a yi dariya a sha shayi. Abin alfaharinmu ne, har UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2014. To akwai wani yaro ɗan Yuganda da muka shaƙu, muna cin abinci faranti ɗaya. Wata rana a gaban mutane na dafa kafaɗarsa na ce masa da Ingilishi, cikin raha, ai shi bawana ne, ya ɗauko mini tire. Wurin ya yi tsit. Kafin la'asar an kira ni ofishin kula da ma'aikata. Na yi ta bayanin zumunci da wasan dangi, matar da ke rubutawa tana kallona kamar mai tatsuniya. Allah ya sa yaron ya ce ya yafe. Wannan wasan ka bar shi a filin jirgin Diori Hamani, in ka koma gida ka ɗauki abinka.

Su ma suna da nasu da za ka yi wa mummunar fahimta. Ba'indiye zai kaɗa kai hagu da dama, ka ɗauka ya ƙi, alhali cewa yake ya ji. 'Yar Filifin za ta kira ka "kuya", wato yaya, ko ba ta san sunanka ba, kada ka ce son ka take. Shef zai daka maka tsawa lokacin da odar abinci ta yi yawa, bayan awa ɗaya ya miƙo maka shayi, ya manta. Bature zai wuce ka da "hai" guda, babu ina kwana, babu ya gida, ya iyali. Wata biyu ina riƙe da wani a zuciya a kan gaisuwa, shi bai ma san ina yi ba.

Batun addini kuwa, kada ka bari a rufe ka da "ai ƙasar Musulmi ce". Ƙasar Musulmi ce, masallaci ko'ina, yawancin otel suna da ɗakin sallar ma'aikata, kuma da azumi doka ta rage awa biyu a aikin yini. Amma manyan otel suna sayar da giya, wasu kuma suna da lasisin naman alade, da wurin girkinsa da wuƙaƙensa daban. In aka ɗauke ka mai kai abinci a tebur, ranar da za a ce ka kai kwalba tana nan tafe. Ni tun wurin ganawar ɗaukar aiki na ce ba na ɗauka, aka sa ni sashen karin kumallo da shirya zauren taro. Kuɗin da baƙi ke bari a tebur ya fi yawa a wancan ɓangaren, na sani, na haƙura. Ka yanke naka hukuncin tun kana Tawa, ka tambayi malaminka, ka faɗa kafin ka sa hannu. Juma'a ma tun Janairun 2022 aka mayar da hutun mako Asabar da Lahadi, otel kuma dama ba ya rufewa, sai dai ku yi musanya. Ni ina riƙe wa wani Kirista ɗan Kenya safiyar Lahadi, shi yana riƙe mini azahar ɗin Juma'a, shekara uku ke nan ba mu saɓa ba. Kuma kamar yadda kake ƙin alade, haka abokin ɗakinka Bahindu yake ƙin naman shanu. Na taɓa buɗe kilishi a ɗaki, mutumin ya tashi ya fita bai ce uffan ba, sai daga baya na gane.

Akwai abin da ba a rubuta a bango inda aka liƙa hotunan ma'aikata ana cewa dukanmu dangi ɗaya ne. Fasfo yana da farashi. Na ga an ɗauko wanda ni na koya masa aiki aka ɗora shi a kaina, da albashin da ya fi nawa, don ƙasar da ya fito. Kowace ƙabila kuma tana jan nata, in shugaban sashe ɗan wata ƙasa ne, sannu a hankali sashen zai cika da 'yan garinsu. Mu ba mu da yawa, babu mai jan mu. Ga shi kullum sai ka yi bayanin cewa Nijar daban, Najeriya daban. Abin da muke da shi wanda yawancinsu ba su da shi Faransanci ne. Ranar da wasu baƙi 'yan Faransa suka rikice a wurin tarba babu mai jin su, aka zo har zauren taro aka kira ni, daga nan aka san sunana. Amma Faransanci ƙari ne, Ingilishi shi ne harshen aikin, kuma naka, yadda na ji a saƙon da ka taɓa turo mini, bai nuna ba tukuna.

Albashi ba zan faɗa maka adadi ba, don ya danganta da otel da matsayi. Ka duba abin da aka rubuta a matsayin ainihin albashi, ban da alawus, domin da shi ake lissafin kuɗin sallama: albashin kwana 21 a kowace shekara cikin shekaru biyar na farko, kwana 30 bayan haka. Ka duba ko akwai ɗaki, abinci da mota. Mutumin nan mai neman kuɗi kuwa, a dokar ƙasar nan mai ɗaukar aiki shi ke biyan kuɗin ɗauko ma'aikaci, ba a yin aiki da bizar yawon buɗe ido, kuma babu mai ikon riƙe maka fasfo. Kada Inna ta sayar da tumakinta a kan maganar baki.

Da ni ne kai, zan ƙara shekara guda a Yamai. Tun taron Tarayyar Afirka na Yulin 2019 aka samu manyan otel irin su Radisson Blu da Noom da Bravia, inda za ka yi aiki tare da baƙin ma'aikata kana kwana a gida, kana zuwa ajin Ingilishi da dare. In kuma mutumin ya kawo takardar tayin aiki, ka ɗauki hotonta shafi-shafi ka turo mini kafin ka ba shi ko dala, zan je da kaina in ga ko otel ɗin yana nan. Ka gaida Inna, ka ce mata saƙonta na wannan watan zai iso ranar goma.