Mota ko babur: da wanne ya kamata sabon direba ya fara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekaruna 19, kuma in ban da keke ban taɓa tuƙa komai ba. Mahaifina ya ce in fara da babur domin in saba da titi kafin in hau mota, yayana kuma ya ce in tafi makarantar koyon tuƙin mota kai tsaye. Wanne ya fi?

Amsa: Wa alaikumus salam. In akwai hali, shawarata ita ce ka fara da mota, a makarantar da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, ta amince da ita.

Babu mai koyon da ba ya kuskure, saboda haka abin dubawa shi ne inda kuskuren zai sauka. Wanda ya saki kuloci da gaggawa ko ya makara wajen taka birki a cikin mota yana da bel a ƙirji, ƙarfe ya kewaye shi, malaminsa kuma yana zaune a gefe zai iya tsawatarwa ko ya kama sitiyari. Irin wannan kuskure a kan babur, gwiwa da ƙafa da kai ne suke ɗaukarsa. Ɗan yashi a kwana, ko ramin da ruwan damina ya rufe, ko damƙe birkin gaba da ƙarfi alhali babur ya karkata, kowane ɗaya ya isa ya kayar da mutum, kuma duk wanda ya taɓa zuwa dubiya Asibitin Ƙashi na Dala ya san abin da faɗuwar babur take haifarwa.

Maganar mahaifinka tana da tushe, domin mai babur yakan koyi lura da hanya da karanta niyyar direbobi tun da wuri. Sai dai yakan kwaso wasu ɗabi'u, kamar kutsawa tsakanin motoci da wuce mota ta hannun dama, waɗanda suke da wuyar bari idan ya koma mota, inda faɗin abin hawa da amfani da madubi da ja da baya duk sabon karatu ne. Doka ma ta raba su: lasisin babur aji A ne, na ƙaramar mota aji B, kuma ɗaya ba ya maye gurbin ɗaya.

Na san tun da aka cire tallafin mai a 2023 mutane da yawa babur ne kawai ƙarfinsu. Idan haka ne halin gidanku, ka koya a fili har sai ka iya tsayawar gaggawa da birki biyu tare, ka sayi hular kwano mai inganci ka riƙa ɗaure igiyarta, ka sa takalmi rufaffe, kuma kada ka goya kowa ko ka fita da dare a watannin farko. In kuma sana'a kake nufi, ka fara bincika dokar garinku, domin Abuja ta hana acaɓa a tsakiyar birni tun 2006, Kano kuma ta hana a 2013.