Amsa ga ɗan'uwan da ya yi tambaya kan shiga ramin Blackwall da tirela mai mita 4.2

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka ce tirelar da aka ba ka tsayinta daga ƙasa zuwa sama mita 4.2 ne, taswirar wayarka ta nuna maka ramin Blackwall, wato hanyar mota da ke bi ta ƙarƙashin kogin Thames a birnin Landan, daga wajen Greenwich zuwa arewacin kogi, kuma mai rabon aiki a ofishinku ya ce ka bi kawai domin ana barin rara a kan abin da aka rubuta a allo. Wallahi da na karanta sai da gabana ya faɗi, domin kusan irin wannan maganar ce ta jefa ni cikin halin da ba na fatan wani a cikinmu ya shiga. Ina roƙonka da girman Allah kada ka bi.

Ramin da ke zuwa arewa iyakarsa mita 4.0 ne, wato ƙafa 13, kuma wannan ma a layin hagu ne kaɗai. Tun 1897 aka buɗe shi, lokacin da kekunan doki ne ke bin hanyar, shi ya sa yake da ƙunci ga kuma kwana masu tsanani, rufinsa kuwa zagayayye ne, yana saukowa ta gefe daidai inda kusurwar tirelarka za ta bi. Abin da ke ruɗin sababbin direbobi shi ne ramin da ke zuwa kudu, wanda aka buɗe a 1967, yana ɗaukar har kusan mita 4.7. Mutum zai wuce kudu da safe lafiya lau, sai ya ɗauka da yamma ma haka zai dawo, alhali ramuka biyu ne daban, kowanne da nasa ma'aunin.

Ni ganau ne, ba jiyau ba. Lokacin ina aiki ta hannun kamfanin da ke tura direbobi, aka haɗa ni da wata ƙaramar tirela wadda aka rubuta mita 4.0 a goshinta, amma da safiyar ranar aka canza mini kan mota. Kun san tsayin da ake rubutawa a jikin tirela an lissafa shi ne bisa tsayin farantin da take hawa a bayan kan mota, galibi milimita 1250, to idan farantin kan da aka ba ka ya fi haka tudu, lambar nan ta tashi daga aiki. Na lura da haka, na shiga ofis na nemi sandar awo, aka ce ta ɓace. Na ce wa mai rabon aikin hankalina bai kwanta ba, ya ɗago kai daga kwamfuta ya ce mini kan nan da na jiya duk ɗaya ne, shi ya san motocinsa, kuma idan ba zan iya ba akwai masu jiran aikin. Ina da iyali, ga kuɗin haya yana jirana, na karɓi makulli na fita.

Ina gangarowa kan hanyar A102 da ke kaiwa ramin, na'urar auna tsayi ta kama ni. Fitilu suka koma ja, aka tsayar da duk wata mota da ke bayana, aka nuna mini hanyar gefe da aka tanada domin fitar da irinmu. Ban taɓa jin kunya da tsoro sun haɗu mini lokaci guda kamar ranar ba. Na duba madubi na ga layin motoci iya ganina, ana ta danna mini oda, wani ya sauke gilashi yana zagina, wata mata da yara a bayan motarta tana kallona kawai ba ta ce komai ba, kuma kallon nan nata ya fi zagin yi mini ciwo. Hannuna yana rawa har na kasa zaro lasisina daga aljihu da jami'in ya nema. Shi kam bai wulaƙanta ni ba, ya auna motar a gabana, ya nuna mini ta haura abin da na saita a allon da ke cikin mota, ya rubuta abin da zai rubuta.

Amma abin da har yau yake ci mini rai shi ne abin da na tarar da na koma. Mutumin nan da ya ce ya san motocinsa, ya dube ni a gaban manaja ya ce shi bai taɓa ce mini in bi Blackwall ba, bai ma san na yi maganar sandar awo ba. Ko idonsa bai ƙifta ba. Ba ni da shaida domin da baki muka yi, wanda yake wurin kuma ya sunkuyar da kai ya ci gaba da aikinsa. Aka buga wa kamfanin da ya turo ni waya aka ce kada a sake kawo ni, na zauna a gida tsawon lokaci ina jiran kiran da ba ya zuwa, ina ɓoye wa mai ɗakina yawan damuwata. Shi kuwa yana nan a kujerarsa, na tabbata yana faɗa wa wani irin abin da ya faɗa mini. Na bar shi da Allah, amma ban manta ba.

Saboda haka, duk abin da ofis ya umarce ka game da hanya, ka ce a turo maka a rubuce ta waya. Za ka ga yadda murya take canzawa nan take. Kuma ka sayi sandar awo taka ta kanka ka ajiye a mota, ka auna bayan ka haɗa tirela kuma iskar da ke ɗaga jikin motar ta cika ta daidaita, domin idan ka ɗaga iska wajen lodi ka manta ba ka mayar ba, wannan kaɗai ya isa ya ƙara maka tsayi. Dokar ƙasar nan Birtaniya ta wajabta wa duk motar da ta haura mita 3 ta nuna tsayinta a inda direba yake gani, kuma kai za a tambaya idan lambar ba daidai ba ce. Kwamishinan da ke kula da lasisin manyan motoci yana da ikon kiranka ya dakatar da lasisinka ko ya ƙwace shi, kuma a wannan zaman mai rabon aiki ba zai raka ka ba.

Taswirar waya kuma ka daina dogara da ita, don ƙananan motoci aka yi ta, ba ta san abin da kake ja ba. Masu ɗaukar kwantena su ma su kiyaye, doguwar kwantena ƙafa 9 da inci 6 ce, ta fi ta yau da kullum da ƙafa guda cur, kuma daga nesa ba kowa ke bambance su ba.

Game da hanyar da za ka bi, yanzu Allah ya kawo sauƙi. Tun watan Afrilun 2025 aka buɗe ramin Silvertown, wanda mashigarsa ta kudu take kusa da ta Blackwall, an gina shi yadda bas mai hawa biyu yake wucewa, kuma akwai layin da aka ware wa bas da manyan motoci. Ana biyan kuɗi a Silvertown da Blackwall duka daga ƙarfe 6 na safe zuwa 10 na dare, amma wannan nauyin kamfani ne, kada ka bari a sa ka kauce wa hanya mai kyau don a rage kashe kuɗi. Idan kayanka na gabas ne sosai, ramukan Dartford suna nan, ramin hagu mita 4.8, na dama mita 5.0, mita 4.2 ɗinka zai wuce ko ta wanne. Ramin Rotherhithe kuwa kada ma ka kusance shi ko da taswira ta nace, iyakarsa mita 2 ce.

Kafin ka tashi gobe ka auna motar, ka rubuto mana abin da ka samu da kuma inda za ka sauke kayan, akwai 'yan'uwa a nan da suke bin yankin kullum, za su faɗa maka mahaɗar da za ka fita. Allah ya tsare mana hanya, ya kare mana abincinmu.