Tambaya da Amsa: Tsohuwar kyanwa mai ɗingishi da matsalar ciki

Tambaya daga wata Hajiya a Agege: Assalamu alaikum. Kyanwata ta kai shekara 13. Wata biyu ke nan tana ɗingishi da ƙafar baya ta dama, ta daina hawa kan taga inda ta saba kwanciya. Bayan gida kuma sai ta yi kwana uku ba ta yi ba, in ya fito ƙanana ne masu tauri kamar na akuya, wani lokaci ma a gefen kwanon yashinta take yi. Maƙwabciyata ta ce in jiƙa mata rabin Panadol. Me zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kada ki ba ta Panadol, ko ɓantare ɗaya. Hantar kyanwa ba ta iya narkar da parasitamol kamar ta mutum, sai ya zama guba, ya lalata jajayen ƙwayoyin jini har su kasa ɗaukar iska. Rabin ƙwaya miligiram 250 ne, ya isa ya kashe kyanwa mai kilo 4. Cikin 'yan awoyi dasashi yakan koma ruwan ƙasa, fuska da dagi su kumbura, numfashi ya yi wuya. Ibufurofen da diklofenak kuwa ƙoda da ciki suke ci. Man zafi ma kada ki shafa mata a ƙafa, lashewa za ta yi.

Kafin a ɗora laifi a kan tsufa, ki duba dagin. Ki naɗe ta da tawul, wani ya riƙe miki, ki matsa kowane yatsa a hankali har farcen ya fito. Tsohuwar kyanwa, balle wadda ba ta fita waje kamar yawancin na gidajen haya a Legas, ba ta karce itace yadda ta saba, don haka farcen yakan yi kauri, ya lanƙwashe ya soki tsokar dagin. Wannan kaɗai yakan sa ɗingishi, kuma gashi na rufe shi. In bai kai ga nama ba, ki datse farin bakin kawai, ki bar kamar milimita 2 tsakanin abin yankan farce da jan da ake hangowa a ciki, domin nan jini da jijiya suke. In ya riga ya shiga nama, aikin likitan dabbobi ne. Daga nan ki bi ƙafar da hannu zuwa ƙugu. Kumburi mai ɗumi da taushi yawanci cizon wata kyanwa ne ya tara mugunya, sai an fasa an wanke.

In ba ki ga komai ba, abin da ya fi yiwuwa shi ne amosanin gaɓɓai: guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwa ya cinye, galibi a ƙugu, gwiwa da ƙasan gadon baya. Binciken da aka yi da hoton ƙashi ya nuna alamunsa a kusan kashi 90 cikin 100 na kyanwoyin da suka haura shekara 12. Yawancinsu ma ba sa ɗingishi, saboda ciwon yakan kama ɓangarori biyu lokaci guda. Abin da ake gani shi ne sun daina tsalle, gashin bayansu ya cukurkuɗe don ba sa iya juyawa su lasa. Taki da ta nuna ɗingishi a fili, ya dace a ɗauki hoton ƙafar, don a tabbatar ba tsagewar ƙashi ko ƙari ba ne.

Mu a ganinmu ɗingishin da taurin kashin matsala ɗaya ce. Tsugunne yana mata zafi, sai ta riƙe. Tsallaka bakin kwano mai tsawo yana mata zafi, shi ya sa take yi a gefe, kuma ba rashin tarbiyya ba ne, kada a dake ta. Duk daɗewar kashi a babban hanji, hanjin tsotse ruwansa yake yi. Ga kuma ƙoda: ƙodar tsohuwar kyanwa takan gaza tace fitsari ya yi kauri, ruwa ya riƙa fita da yawa, jiki ya nemi cike giɓin daga hanji. In aka bar abin ya ɗauki watanni, hanjin yakan buɗe ya saki, ya daina turawa gaba ɗaya, a nan abin yakan iya kaiwa ga tiyata.

Saboda haka a asibiti ki nemi a yi gwajin jini na ƙoda da gwajin fitsari kafin a rubuta mata maganin zafi. Wanda aka fi ba kyanwa shi ne meloksikam, miligiram 0.05 ga kowane kilo sau ɗaya a rana, bayan ta ci abinci. Ki lura da kwalbar: na kyanwa miligiram 0.5 ne a kowane mililita, na kare 1.5, wato ninki uku. Kyanwa mai kilo 4 mililita 0.4 na kwalbar kyanwa take sha. Ranar da ta ƙi abinci, ko ta yi amai ko gudawa, a dakatar da shi a kira likita, don a jikin da ruwa ya yi ƙaranci wannan magani yana durƙusar da ƙoda. In ƙodar ta riga ta taɓu sosai, likita zai iya komawa gabafentin, wanda kan sa barci da tangaɗi a kwanakin farko.

Na taurin kashi, ruwa ne kan gaba. Kyanwa na buƙatar kamar mililita 50 ga kowane kilo a rana, har da wanda ke cikin abinci, wato kusan mililita 200 ga mai kilo 4. Busasshen abincin leda ruwansa bai wuce kashi 10 cikin 100 ba, na gwangwani ko na sacet kuwa ya kai 75 zuwa 80. Ki mayar da ita kan mai ruwa, ko ki jiƙa busasshen da ruwan ɗumi. Ki ajiye faffaɗan kwanon ruwa a wuri biyu ko uku, ɗaya kusa da makwancinta. Cokalin shayi ɗaya na dafaffiyar kabewa da aka dame cikin abinci yakan taimaka in taurin bai yi nisa ba. In bai isa ba, likita kan ba da laktulos, kamar mililita 0.5 ga kowane kilo, sau biyu ko uku a rana, ana ragewa in kashin ya yi laushi da yawa. Abubuwa biyu ne ba a yi: ɗura mata mai a baki, don yakan sarƙe ta ya shiga huhu, da yi mata ɗurar bayan gida irin ta mutane mai fosfet, wadda ke kashe kyanwa.

Gida kuma ki gyara mata shi. Kwanon yashi ya zama mai faɗi, bakinsa ta gefe guda bai wuce santimita 5 ba. Tsohuwar roba da aka yanke gefenta ta wadatar. Tayil yana da santsi ga mai ciwon ƙugu, ki shimfiɗa tabarma ko darduma a hanyar da take bi. Ki sa mata ƙaramar kujerar tsugunne a ƙasan tagar, ta hau a mataki biyu. In tana da ƙiba, rage nauyi yana sauƙaƙa wa gaɓɓai, amma a hankali, kada ya wuce kashi 1 cikin 100 na nauyinta a mako.

Tambaya daga wani ɗan kasuwa a Mile 12: Muzuruna ya shekara 11 yana tsare mini shago daga ɓeraye. Yanzu ci yake kamar ba gobe amma sai ramewa yake. Yana amai sau biyu ko uku a mako, wani lokaci da gudawa. Wuyansa ya yi tauri, yana ɗingishi da ƙafar gaba. Kullum ina sayo masa hanta daga mahauta, ina ba shi madara da safe, da ragowar shinkafa da miya.

Amsa: Malam, ka kyauta masa, amma kwanon nan nasa sai an sake shi gaba ɗaya.

Hanta kullum ita ce abin da muka fi zargi a wuyan da ƙafar. Tana ɗauke da bitamin A mai yawa, jikin kyanwa kuwa tara shi yake yi. Bayan watanni ko shekaru sai ƙashi ya riƙa tsirowa a gaɓɓan wuya da gwiwar ƙafar gaba har su ƙage. Hoton ƙashi zai nuna. Daina hantar yana tsayar da ciwon kuma zafin kan ragu, amma ƙashin da ya tsiro ba ya komawa. Mai wannan matsala a daina masa hanta ɗungum. Ga lafiyayyar kyanwa, ɗan yanki kamar kan babban yatsa sau ɗaya a mako ya isa. Ka ɗaga masa kwanon abinci kamar santimita 8 zuwa 10 daga ƙasa don kada ya sunkuya.

Madara kuwa, yawancin kyanwoyi da zarar an yaye su cikinsu ya daina narkar da sukarin da ke cikinta, shi ne gudawar. Miya tana da albasa da tafarnuwa, dukansu suna fasa jajayen ƙwayoyin jinin kyanwa, ɗanye ko dafaffe, ga gishiri da barkono da dunƙule. Shinkafa cika ciki kawai take yi, kyanwa mai cin nama ce.

Abin da ya fi shi ne cikakken abincin kyanwa na kanti, wanda aka rubuta na tsofaffi ne. Na kare ba ya maye gurbinsa, don ba shi da isasshen sinadarin da ake kira taurine, wanda rashinsa ke raunana zuciya da makantar da kyanwa. In a gida za ka dafa, kaza ko naman sa da zuciya da ƙundu, a ruwa zalla ba kayan yaji, amma nama tsura ba shi da kalsiyam, sai likita ya faɗa maka abin da za ka ƙara. Kifi ya zama dafaffe, an cire ƙaya, sau ɗaya ko biyu a mako. Canjin ya ɗauki kwana 7 zuwa 10: kwata na sabo a kwana biyun farko, sai rabi, sai kwata uku. Ka raba masa sau huɗu ko biyar a rana, kaɗan-kaɗan. A zafin Legas, abinci mai ruwa kada ya wuce awa ɗaya a kwano. Busasshen kuma ka zuba a roba mai murfi, don laimar damina tana sa shi fumfuna.

Sai dai abinci kaɗai ba zai bayyana yawan ci da rama ba. A wannan shekarun, abu uku ake fara nema: tayirod, wata halitta a maƙogwaro mai fitar da sinadarin da ke sarrafa ƙona abinci a jiki, da ke aiki fiye da kima, ciwon suga, da ciwon hanji mai daɗewa, wanda kan zama kumburi ko sankara. Gwajin jini na T4, wato sinadarin da tayirod ke fitarwa, da na suga zai raba biyun farko. Na tayirod ana shawo kansa da karbimazol ko metimazol, ana sake auna jini bayan mako biyu zuwa uku, don in tayirod ya lafa ciwon ƙodar da ke ɓoye yakan fito fili. Kuma tunda mai kama ɓera ne, a kai kashinsa a duba. Ɓera da ƙuma duk suna sa tsutsar ciki mai faɗi, wadda ake ganin guntayenta kamar ƙwayar shinkafa a gindin wutsiya. Maganin da ke da firazikwantel ake bayarwa don kashe ta, duk wata uku, ko duk wata ga mafarauci irinsa.

Tunda sikeli ba ya wuya a kasuwa, ka riƙa auna shi duk mako biyu a cikin kwando kana rubutawa. Giram 200 ga mai kilo 4 kashi 5 cikin 100 ne na jikinsa.

Tambaya daga wata ɗaliba a Idi-Araba: Kai kyanwa asibiti a cikin cunkoson nan ba abu ne mai sauƙi ba. Yaushe ne ba za a jira gobe ba?

Amsa: 'Yar'uwa, in ƙafafun baya suka mutu farat ɗaya, tana jan su tana kuka, dagin ya yi sanyi, gudan jini ne daga zuciya ya toshe babbar jijiya. In muzuru yana ta yunƙuri ba abin da ke fita, kada a ɗauka taurin kashi ne, mafitsara ce za ta iya toshewa, kuma wannan yana kisa cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Haka numfashi da baki buɗe, ko wanda ya haura 30 a minti tana barci, da amai a jere ko mai jini, da baƙin kashi kamar kwalta, da kwana uku ba bayan gida. Ƙin abinci na awa 24 ma ya isa a tafi, domin kyanwa, musamman mai ƙiba, in ta yi kwana biyu zuwa uku ba ci, kitse yakan mamaye hantarta. Ki sa ta a kwando mai murfi da tawul a ƙasa, ki fita da sassafe kafin rana da go-sulo. In lafiyarta ƙalau, wadda ta haura shekara 10 a duba ta duk wata shida.

Tambaya daga wani magidanci a Obalende: Tsohuwar kyanwarmu ta cika da ƙuma. Zan iya fesa mata Sniper kaɗan, ko in ɗiga mata maganin karen maƙwabcina?

Amsa: A'a, Alhaji, duka biyun. Sniper da ota-fiya-fiya guba ne da ke shiga ta fata, kuma za ta lashe: dalalar miyau, amai, gudawa, karkarwa. Maganin ƙuman kare da yawa yana da fametirin, wanda ke sa kyanwa farfaɗiya. Ka nemi na ɗigawa a ƙeya wanda aka rubuta na kyanwa ne, mai fifuronil ko selamektin, daidai da nauyinta, sau ɗaya a wata. Ka wanke shimfiɗarta da ruwan zafi duk mako, don ƙwan ƙuma a can suke, ba a jikinta ba. In an fesa maganin sauro ko na kyankyasai a ɗaki, a fitar da ita da kwanukanta, kada ta dawo sai an buɗe tagogi an goge ƙasa ta bushe.