Kafin ƙaninka ya ajiye fasfon Amurka

Alhaji, ka tambayi yadda mu mazauna Amurka muke kallon mai shaidar ƙasa biyu da ya ce zai ajiye ta Amurka, tunda ƙaninka ya koma Kano kuma takardun haraji sun ishe shi. A cikinmu ba kasafai ake yin haka ba. Wanda ya zo da maganar, zaunar da shi ake yi a ce a bi lissafin tukuna, domin ƙofar nan in ta rufe ba ta sake buɗewa.

Abin da ke damunsa gaskiya ne. Amurka tana bin ɗan ƙasarta haraji duk inda yake a duniya. Ko a Kantin Kwari yake samun kuɗinsa, wajibi ne duk shekara ya cika wa IRS, hukumar harajin Amurka, takarda, kuma idan jimillar abin da ke asusunsa na bankunan waje ta haura dala 10,000 a kowace rana ta shekara, sai ya bayyana. Amma cika takarda daban, biyan kuɗi daban. Mazaunin waje ana yafe masa harajin kuɗin shiga a kan abin da ya samu da guminsa har dala 126,500 a shekarar 2024, kuma adadin yana ƙaruwa duk shekara. Yawancin waɗanda suka koma gida ba su kai nan ba. Wato sau da yawa ƙudan da ake so a huta da shi bai kai a yar da ƙwallon mangwaron ba.

Idan kuwa ya nace, ga yadda ake yi. Ba a yi ta waya, ba a aika wakili, ba a kuma yi a cikin Amurka. Da ƙafarsa zai je ofishin jakadanci na Abuja ko ƙaramin ofishi na Legas. Jami'i zai yi masa tambayoyi don ya tabbatar ba tilasta shi aka yi ba kuma ya fahimci abin da zai biyo baya. Ranar rantsuwa zai tsaya gaban jami'in, ya yi rantsuwar, ya sa hannu, ya miƙa shuɗin fasfon nan ta taga, ya fito ba shi. Daga nan takardu su tafi Washintan, sai an amince a aiko masa da shaidar fita daga zama ɗan ƙasa, abin da kan ɗauki watanni. Kuɗin aikin dala 450 ne a da, a 2014 aka mayar da shi 2,350, a 2023 ma'aikatar harkokin waje ta kawo shawarar a dawo da shi 450, saboda haka ya tambayi farashin ranar da zai je.

Inda mutane suka fi faɗawa rami shi ne zaton rantsuwa ta wanke bashin haraji. Ba ta wankewa. Akwai fom mai lamba 8854 da zai cika, ya shaida cewa shekara biyar da suka wuce bai tsallake takardar haraji ko ɗaya ba. Rashin cika shi na iya jawo tarar dala 10,000. Mafi muni, wanda ya kasa ba da wannan shaida ana jefa shi aji ɗaya da mai dukiyar dala miliyan 2, ko da bai ajiye komai ba. 'Yan wannan aji ana lissafa musu kamar sun sayar da duk abin da suka mallaka ana gobe za su fita, har gidan Kano da gonar ƙauye, a ɗora haraji a kan ribar da ta haura wani adadi. Kuma kyauta ko gado mai yawa da suka bar wa ɗansu Ba'amurke, ɗan ne zai biya kashi 40 cikin ɗari. Don haka ake fara gyara shekaru biyar ɗin kafin a nemi ranar ganin jami'i.

Sai maganar iyali, wadda ita ce ta fi ci mana rai. 'Ya'yan da suka riga suka zama 'yan Amurka suna nan da shaidarsu, uba ma ba shi da ikon ajiye musu. Amma waɗanda za a haifa bayan rantsuwa ba za su samu ta wajensa ba. Ikon ɗauko mahaifi, mahaifiya ko ɗan'uwa ya tafi. Ba a mayar masa da katin zama na dindindin da ya riƙe a da. In 'yarsa ta haihu a Niyok yana son zuwa suna, layin biza zai bi da fasfon Najeriya kamar kowa, kuma jami'i na da ikon hana shi.

In yana da gida a nan, ya kula da harajin gado. Baƙon da ba mazauni ba, dala 60,000 kacal ake yafewa daga dukiyarsa ta Amurka idan ya rasu, saura kuma haraji na iya kai kashi 40, alhali ɗan ƙasa miliyoyi ake yafe masa. Fanshon gwamnati da ya tara da aikin shekara goma ba ya ɓacewa don ya ajiye shaida, sai dai za a riƙa yanke kashi 25.5 kafin ya iso hannunsa, domin babu yarjejeniyar haraji tsakanin Najeriya da Amurka.

Idan kuma siyasa ce ta sa, kamar yadda ka yi tsokaci, a sake dubawa. Sashe na 28 na tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya bar haifaffen ɗan Najeriya ya riƙe shaida biyu, kuma Kotun Ɗaukaka Ƙara, a shari'ar Ogbeide da Osula ta 2004, ta ce hakan ba ya hana shi takara. Makwabtanmu 'yan zangon Gana da ke unguwar Bronx ta Niyok su ne ke cikin matsi, domin tsarin mulkinsu ya hana mai mubaya'a ga wata ƙasa shiga majalisa. Ƙaninka ya fara nemo takardun harajinsa na shekara biyar, ya kai wa akawun da ya san dokar mazauna waje, ya ji nawa ne ainihin abin da ake binsa.