Tambayoyin Masu Karatu: Cin Ruwan da Ke Tafiya Yana Dawowa

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ni mai gadi ne a wani kamfani a nan Yamai, ina zaune a unguwar Bukoki, kuma aikina ya tilasta mini sanya takalmin but tun ƙarfe 7 na safe har 7 na yamma. Tun daminar bara tsakanin yatsun ƙafata ya yi fari, fatar tana saɓulewa tana tsagewa, ga ƙaiƙayi ga wari. Na sayi man shafawa a wurin mai tallar magani, cikin kwana uku ƙaiƙayin ya lafa, amma da na daina sai ya dawo fiye da dā. Mahaifiyata ta ce in ƙunsa lalle, abokin aikina kuma ya ce in ɗiga kananzir. Wanne zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam, malam. Abin da ka bayyana ya yi kama da cin ruwa, wanda likitoci ke kira tinea pedis, ko da yake sai an ga ƙafar da ido kafin a yanke hukunci. Sunan da Hausawa suka ba shi yana da gaskiya a cikinsa, amma rabin gaskiya ce, domin ba ruwan ne da kansa ke cin fatar ba. Wata ƙwayar cuta ce dangin funfuna, wadda aka fi samu da sunan Trichophyton rubrum, kuma ƴar uwa ce ga wadda ke haddasa makero a jikin yara. Abincinta shi ne mataccen ɓawon saman fata, abin da take so kuwa shi ne ɗumi da danshi, saboda haka ƙafar da ta yini awa 12 a rufe cikin but, a garin da zafinsa kan wuce digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, ta zame mata gida. Galibi takan fara ne daga tsakanin ƙaramin yatsa da na kusa da shi, inda yatsun suka fi matsewa kuma iska ba ta shiga.

Ina zargin man da ka saya, kuma saurin da ya yi wajen kashe ƙaiƙayin shi ne abin da ya sa nake zarginsa. Da yawa daga cikin mayukan da ake tallarsu a faranti suna ɗauke da sinadarin kotizon, irin su betamethasone ko clobetasol, wato dangin waɗanda ake cusawa a man bilicin. Aikinsu shi ne kwantar da kumburi da ƙaiƙayi, amma suna raunana kariyar fata, sai ƙwayar cutar ta samu damar yaɗuwa a ɓoye alhali mai ita yana zaton ya warke. Ka duba jikin kwalin, idan ka ga ɗaya daga cikin sunayen nan, ka ajiye shi.

Maganin da ya dace yana nan a farmasi. Akwai man terbinafine mai ƙarfin kashi 1 cikin 100, wanda ake shafawa na mako ɗaya zuwa biyu, akwai kuma clotrimazole da miconazole da econazole, waɗanda ake shafawa safe da yamma har kimanin mako huɗu. A wanke ƙafa da sabulu, a tsane ta sarai, sannan a shafa man a wurin da kewayensa. Inda mutane suka fi faɗuwa shi ne wurin tsawon lokaci: da zarar ƙaiƙayi ya tsaya sai a jefar da magani, alhali ƙwayar tana nan da rai a cikin fata. Ka cika kwanakin da aka rubuta ko da ƙafar ta yi sumul tun a makon farko.

Kananzir kuwa kada ka kusance shi, haka ma ruwan jabel da man birki da baƙin batir da wasu ke zubawa, domin ƙona fata suke yi, su mai da ƴar tsaga ta zama gyambo. Shawarar mahaifiyarka ta fi sauƙin haɗari, tun da lalle yana busar da fata kuma iyayenmu sun daɗe suna amfani da shi, sai dai ba zan ce ka dogara da shi ba, kuma jan da yake bari yana hana mai duba ƙafar ganin ainihin launin wurin.

Akwai wata magana da ta shafe mu musamman, wato alwala. Mutum yana wanke ƙafa sau da yawa a yini, yana tsettsefe yatsu kamar yadda aka koya masa, sannan ya zura ƙafar a jiƙe cikin safa da but ya koma bakin aiki. Alwala ba ta da laifi a nan, mayar da jiƙaƙƙiyar ƙafa cikin rufaffen takalmi shi ne laifin. Ka riƙe wani ɗan ƙyalle na musamman a aljihu, ka goge tsakanin kowane yatsa, ka ɗan sha iska kafin ka mayar da safa. Silifas ɗin robar da ake ajiyewa a wurin alwala ko a ƙofar banɗaki, wanda kowa ke zurawa, hanya ce babba ta ɗaukar cutar, don haka ka tanadi naka. Ka sauya safa kullum, ka zaɓi ta auduga a kan ta leda, a wanke ta da ruwan zafi a shanya ta a rana. Idan da hali ka mallaki but biyu ka riƙa karɓa-karɓa, idan babu hali ka zare shimfiɗar cikinsa ka buɗe bakinsa ya kwana yana shan iska. Wurin sa tufafi kuma ka fara da safa kafin gajeren wando, saboda kada ƙwayar ta bi wandon ta haura matsematsi.

Idan ka cika kwanakin maganin ba ka ga sauƙi ba, ko tafin ƙafar gaba ɗaya ya yi kaushi yana garin fata, ko farce ya yi kauri ya sauya launi, to man shafawa kaɗai ba zai isa ba. A nan ana buƙatar ƙwayar sha, wadda ga farcen ƙafa takan ɗauki kimanin wata uku, kuma likita ne zai rubuta ta saboda tana iya taɓa hanta.

Tambaya: Likita, mahaifina a Tawa yana da ciwon sukari, kuma na ga irin wannan tsagar a tsakanin yatsunsa, amma ya ce ba ya jin zafin komai. Shin in saya masa man kawai?

Amsa: A'a, ƴar uwa, ki kai Baba asibiti a duba shi tukuna. Rashin jin zafin nan shi ne abin tsoro, domin ciwon sukari yana kashe jijiyoyin ji na ƙafa kuma yana rage gudun jini, ta yadda ƙaramar tsaga za ta zama ƙofar wasu ƙwayoyin cuta masu ruɓar da nama ba tare da mai ita ya sani ba. Idan kika ga ƙafar ta kumbura, ta yi ɗumi, tana fitar da mugunya, ko zazzaɓi ya rufe shi, kada a bari ya kwana a gida. Bayan an ba shi magani, a samu wani a cikin gida ya riƙa buɗa yatsun yana dubawa kowace rana da hasken rana, tun da idon tsoho ba lallai ne ya kai wurin ba.