Tambaya da Amsa: A Wace Unguwa Zan Sayi Gida?

Tambaya: Malam, shagona yana Kantin Kwari. Dillali ya nuna min gida mai ɗaki uku a Danbare, da wani ƙarami a Dorayi, kuɗinsu kusan ɗaya. Wanne zan ɗauka? Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Alhaji, ka dakata da biyan kuɗi tukuna. Ka koma unguwannin biyu a watan Agusta, ana ɗauke ruwan sama. Dubi gindin katangar maƙwabta: in danshi ya ci fulasta har gwiwa, ruwa na kwana a layin, ko me dillali zai rantse maka.

Tsaya wajen mai shayi ka tambayi yadda wuta take, da nawa 'yan garuwa ke sayar da jarka. Su ba su da la'ada a cinikin.

Ni dai na fi karkata ga Dorayi, don ya fi kusa da kasuwarka. Kuɗin adaidaita safe da yamma ba ƙaramin abu ba ne. Amma kafin ka ba da kafin alƙalami, ka ga mai unguwa, sannan a tantance takardun filin a KANGIS, hukumar da ke kula da bayanan filaye a jihar Kano.