Amsar tambayar lambun bayan gida, kafin hunturu ya kankama

Assalamu alaikum, 'yan'uwa, barkanmu da war haka. 'Yar'uwar da ta yi tambaya jiya cewa kuɗin cefane ya yi musu yawa, tana da ɗan fili bayan ɗaki, me za ta shuka yanzu da damina ta ɗauke, to ga amsa, ki saurara da kyau.

Kafin maganar iri, ki lissafa ruwanki. Fangali ɗaya, kamu biyu faɗi kamu huɗu tsawo, yana shan kusan bokiti ɗaya kullum, wani lokaci biyu idan iska ta yi yawa. In daga rijiya ake jawo muku ko sayen jarka kuke yi, to fangali biyu ko uku sun ishe ki. Gara kaɗan da za ki iya shayarwa da goma da za su bushe a watan Janairu. Ruwan alwala da ruwan wankin shinkafa duk ki tara, suna yi. Amma na wanki mai omo, ko mai gishiri, kada ya je wurin, yana ƙona saiwa.

Sai shinge. Kin san da an gama girbi ake sakin dabbobi, akuya ɗaya za ta cinye aikin wata guda kafin ki idar da sallah. Yanzu karan dawa yana nan a banza, a yi darni mai kauri, a toshe ƙasansa saboda kaji. Ɓangaren arewa da gabas a ƙara zana, don daga nan iskar hunturu ke busowa, ita ce ke busar da ƙasa ta kuma kwantar da ƙananan shuka.

Abin da ke son sanyi: tumatir, albasa, latas, kabeji, karas. Shi ya sa kike ganin manoman Kura da Kadawa da na Haɗejia yanzu ne suke dashe. Kuɓewa kuwa ki bar ta, sanyi na tsumburar da ita, sai zafi ya fara. Alayyafo ma yana yin nawa.

Tumatir da albasa da latas sai an yi rainonsu tukuna. Ki sami tsohon baho ko ɗan gefe, ki haɗa ƙasa kashi biyu, ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya, yashi kashi ɗaya. Na ce ruɓaɓɓe fa. Ɗanyen kashin kaji wuta ne, sai ya daɗe a tare ana yayyafa masa ruwa, ya daina zafi da wari. Ki yafa iri sama-sama, ki rufe da busasshiyar ciyawa, da ya tsiro ki ɗage ciyawar. In kin ga ƙananan shukar suna ruɓewa daga gindi suna faɗuwa, ruwa ne ya yi yawa ko kin cunkushe su. Ki rage ruwa, ki tsinke wasu. Tsohon gidan sauro ki lulluɓa a kai, ƙadangaru ba sa barin sabon tsiro.

Tumatir sati uku zuwa huɗu ya isa dashe, a ba shi kamu ɗaya tsakani. Albasa sai ta yi sati shida, tsakaninta faɗin tafin hannu. Da yamma ake dashe, a bi da ruwa nan take. Karas ba a dasa shi, in kin dasa zai yi ƙafafu. Ki gauraya irinsa da yashi ki yafa a inda zai zauna, kuma kada saman ƙasar ya bushe har ya fito, yakan kai kwana goma.

Ban ruwa a gindi, ba a kan ganye ba. Kuma a riƙe lokaci ɗaya. Wannan baƙin da kike gani a ƙasan 'ya'yan tumatir, mutane su ce ciwo ne su je sayen magani, ba ƙwaro ba ne, yau ruwa gobe babu ne ke kawo shi. Ki shimfiɗa ciyawa ko ɓawon gyaɗa a gindin, danshi zai daɗe.

Ƙwari kuma, ki riƙa juya ganye kina duba bayansa. In kin ga darɓa ko farin ƙuda, ki daka 'ya'yan darbejiya kamar rabin kilo, ki jiƙa a ruwa lita 10 ya kwana, ki tace da ƙyalle, ki fesa da yamma, sati-sati. Ganyen da kika ga an yi masa zane fari-fari daga ciki, tsutsa ce ke cin sa, mai yiwuwa irin wadda ta yi ɓarna a gonakin tumatir a 2016, ki tsinke shi ki ƙona, kada ki jefar gefen lambu.

Wadda ba ta da fili, buhun shinkafa ma yana yi. A huda ƙasansa, a cika da wannan haɗin na ƙasa da taki da yashi, tumatir ɗaya a kowane buhu.

Sannan idan tumatir ya faɗi a kasuwa wajen Fabrairu, ki sayi kwando ki yanka, ki shanya a tabarma a kan rumfa, ki rufe da yadi mai shara-shara saboda ƙura. Sai ya bushe ƙayau kafin ki ɗure, in da sauran danshi zai yi fumfuna. Zogale da yakuwa kuwa a inuwa ake shanya su, rana na cinye korensu.

Mai sauran tambaya ta turo, in sha Allahu zan amsa bayan la'asar.